KIWON KYANWA DA GYARAN GASHINTA
Darasi domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da malamansu su karanta, sa'an nan su bayyana wa Dagatai da Masu-unguwa abin da ke ciki, su kuwa su isar wa talakawa. Wataƙila wani ya yi mamaki, ya ce ina ruwan Hakimi da gashin kyanwa, alhali ga sulhun gonaki da rikicin burtali suna jiransa a zaure? Dalili shi ne, kyanwa ma'aikaciya ce. Ita ke gadin rumbu da sito da akwatin takardu da dare, sa'ad da mai gadi ya yi barci. Ma'aikaci kuwa in ba shi da lafiya, aikinsa ba ya kyau. Cikin abubuwan da ke kwantar da kyanwa, akwai wanda mutane ba su cika lura da shi ba, watau gashin jikinta da ta ke haɗiyewa. Shi za mu fi ba ƙarfi cikin wannan darasi.

1. ABIN DA YA SA KYANWA TA KE DA DARAJA

Ɓarnar ɓera iri uku ce. Ta farko, yana cin hatsi, abin da bai ci ba kuma ya ɓata shi da kashi da fitsari. Ta biyu, yana gaigayar takarda. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro muddin ransa, sabo da haka tilas ya riƙa gaigaya ko da ba yunwa ya ke ji ba. Takardar iyakar gona, ko ta rabon gado, ko wasiƙar fada, in ɓera ya cinye gefen da hatimi ya ke, sai rigimar da aka kashe tun zamanin kakanni ta taso sabuwa. Ta uku, wadda ta fi muni, yana ɗauke da cuta.

Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na ƙasar Barno, inda aka fara gane shi cikin 1969. Wani irin ɓera mai nonna da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci da ƙwarya da tabarma. Cutar ta fi yawa da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa hanyoyin tsare gida daga wannan ɓera, watau a rufe hatsi cikin mazubi mai murfi, a zubar da shara nesa da gida, a share ɗaki, a kuma ajiye kyanwa. A lura, kyanwa ɗaya ce cikin huɗu. Wanda ya ajiye kyanwa ya bar tuwo a buɗe bai yi kome ba.

Kyanwar gida ta samo asali daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ta matso kusa da mutane tun lokacin da suka fara noma suna tara hatsi, gama inda hatsi ya ke nan ɓera ya ke. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, aka iske an binne mutum da kyanwa kusa da shi. A ƙasar Hausa waɗansu su kan ce kyanwa, waɗansu mage, waɗansu kuliya, mutanen yamma su ce mussa, namijin kuwa muzuru.

Malamai sun san matsayinta a addini. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an nuna cewa ruwan da kyanwa ta sa baki bai zama najasa ba. Bukhari da Muslim sun kawo labarin matar da aka yi wa azaba domin ta tsare kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Sahabin nan Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, ya sami laƙabinsa ne daga wata 'yar kyanwa da ya kan ɗauka. Sabo da haka wanda ya ajiye kyanwa ya ɗauki amana.

2. HARSHEN KYANWA

Duk wanda kyanwa ta taɓa lasar hannunsa ya ji kaushi kamar na dutsen goge ƙafa. Dalili, bayan harshenta a rufe ya ke da waɗansu ƙayoyi ƙanana masu lanƙwasa, bakinsu duka yana duban maƙogwaro. Irin abin da aka yi farce da ƙaho da shi, da shi aka yi su. Cikin 2018 waɗansu masana a jihar Jojiya ta Amurka suka duba su, suka iske tsawon ko wace ƙaya kamar milimita 2 ne, bakinta kuma da kwarmi kamar 'yar ludayi, tana ɗibar miyau ta kai shi har gindin gashi.

Da wannan harshe kyanwa ke wanka. Da shi ta ke kawar da ƙura da ƙuma da gashin da ya mutu, ta ke baza maiƙon fata ya game jiki. Miyan da ta bari cikin gashi kuma in ya bushe ya kan sanyaya ta lokacin zafi, gama ita ba ta gumi kamar mutum sai kaɗan a tafin ƙafa. Ta kan kashe wajen rubu'in lokacin da ta ke a farke tana wannan aiki.

Amma fa ga inda wahala ta ke. Tun da ƙayoyin nan baya su ke duba, abin da ya maƙale musu ba ya fitowa gaba. Mutum in gashi ya shiga bakinsa sai ya tofar. Kyanwa ba ta iyawa, sai ta haɗiye. Haka kuma in ta kama bakin zare tana wasa, sai ta yi ta haɗiya har ya ƙare, wani lokaci har da allurar da ke jikinsa.

3. YADDA DUNƘULEN GASHI KE SAMUWA

Gashi ba ya narkewa a ciki. Mafi yawan abin da kyanwa ta haɗiye ya kan bi hanji ya fita tare da kashi, ba wanda ya sani. Amma in ya yi yawa, ko kuwa tumbi ya yi nawa wajen tura abinci gaba, sai wani sashi ya tsaya, ya riƙa cuɗuwa da miyau da ragowar abinci har ya zama curi. Sa'ad da ya yi girman da ba zai wuce ƙofar hanji ba, sai kyanwa ta amayar da shi.

In ya fito, ba ya zama kamar ƙwallo. Dogo ne kamar yatsa, gama maƙoshi ya matse shi a hanya. Tsawonsa ya kan yi inci 1, wani lokaci ya kai inci 4 ko 5. Mutane da yawa su kan ɗauka kashi ne, su doki kyanwa a kan ta ɓata ɗaki. A duba da tsinke tukuna. In gashi ne za a gan shi a cuɗe, launinsa launin kyanwar, kuma ba shi da warin kashi.

Kyanwoyin da wannan abu ya fi samu su ne:

(a) Masu dogon gashi, irin na ƙasar Farisa da a ke sayarwa yanzu a manyan birane. Waɗannan gashinsu ya fi ƙarfin harshensu, ƙayoyin ba su kaiwa ga fata, sabo da haka ba su iya gyara kansu sai da taimakon mutum.

(b) Manya da tsofaffi. 'Yan ƙanana ba su cika yi ba, gama ba su ƙware da lasa ba tukuna.

(c) Masu ƙaiƙayi, ko na ƙuma, ko na ƙazuwa, ko na makero. Kyanwa mai ƙaiƙayi ta kan ninka lasa, ta ninka haɗiya.

(d) Wadda aka kulle a ɗaki ita kaɗai, ba wasa, ba farauta. Kaɗaici da tsoro su kan sa ta lashi kanta har wuri ya yi sanƙo, yawanci a ciki da cinyoyi.

(e) Mai ciwon tumbi ko na hanji.

A ƙasashen Turai, inda tsawon yini ya ke bambanta ƙwarai tsakanin sanyi da zafi, kyanwa tana da lokacin zubar da gashi sananne. A nan kuwa bambancin kaɗan ne, sabo da haka gashi na zuba duk shekara. Kada mai kyanwa ya ce sai wata kaza zai kula.

4. YAUSHE YA KE ZAMA ABIN TSORO

Kyanwa mai gajeren gashi, irin tamu ta gida, in ta amayar da curi sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ta tashi ta ci abinci ta ci gaba da harkarta, ba kome. Amma in abin ya zama ko wane wata, ko ko wane mako, to, akwai dalili a ƙarƙashinsa, sai a nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haɗarin da ya fi girma shi ne curin ya wuce tumbi ya toshe hanji. In haka ta faru abinci ba ya wucewa, hanjin ya kan kumbura, yana iya ruɓewa, kyanwa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ga alamun da in an gan su lalle a kai ta asibitin dabbobi ran nan, kada a jira gobe:

Tana ta yunƙurin amai ba abin da ke fita, ko kuwa tana amai a kai a kai, ko ruwa ta sha ya dawo.

Ta ƙi abinci yini da kwana.

Ta kwana 2 ba ta yi kashi ba, ko tana nishi tana yin ɗan kaɗan mai tauri.

Cikinta ya kumbura, in an taɓa ta yi kuka ko ta kai cizo.

Ta ɓuya a lungu, ta yi laushi, ta daina gyara jikinta.

Kada a ce a bar ta da yunwa cikin zai warware. Kyanwa ba kamar kare ba ce wajen jure yunwa. In ta yi kwana 3 ko fiye ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse ya kan taru a hantarta ya zama wata cuta dabam wadda ta fi ta farko wuya. Likita ya kan lalubi ciki, ya ɗauki hoto in akwai na'ura, in ya tabbata toshewa ce ya yi aiki ya fitar.

Akwai kuma abu biyu da a ke rikitawa da dunƙulen gashi. Na ɗaya, fuka. Kyanwa mai fuka ta kan durƙusa, ta miƙe wuya kusa da ƙasa, ta yi ta tari busasshe, ba abin da ke fitowa. Wannan ciwon huhu ne, maganin ciki ba ya yi masa kome. Na biyu, zare. In an ga bakin zare ya leƙo daga bakinta ko daga duburarta, kada a ja. Sauran yana iya zama a naɗe cikin hanji, in an ja sai ya yanka shi kamar wuƙa. Malaman ofis su lura da wannan, gama su ke da zaren ɗinke fayil da robar ɗaure takardu. Haka maɗinka da masu saƙar hula. A ajiye zare cikin gwangwani mai murfi.

5. YADDA A KE TAJE KYANWA

Gashin da mataji ya ɗebe ba zai shiga ciki ba. Wannan shi ne tushen rigakafin duka. Kayan aiki kaɗan ne: mataji mai ƙananan haƙora, da wani mai manyan haƙora in kyanwar mai dogon gashi ce, da buroshi mai laushi, da tsumma mai tsabta, da farar takarda. A keɓe su domin kyanwa kaɗai, kada mutum ya taje kansa da su, sabo da makero yana kama mutum daga kyanwa, ya fi kama yara.

Na ɗaya. A zaɓi lokacin da ta ƙoshi ta kwanta. Kada a kama ta da ƙarfi, kada a danne ta. A fara shafa ta da hannu, a bar ta ta sansana matajin.

Na biyu. A fara daga bayan wuya, a bi gadon baya zuwa gindin wutsiya, ana bin yadda gashi ya kwanta. Sa'an nan haƙarƙari, sa'an nan ƙirji. Ciki da wutsiya su ne na ƙarshe, gama nan ne ba ta so a taɓa.

Na uku. A lura da halinta. In ta fara kaɗa wutsiya da ƙarfi, ko ta kwantar da kunnuwa baya, ko fatar bayanta na motsi, to, ta gaji, a sake ta. Minti 3 ko 5 kullum ya fi rabin sa'a da kokawa. Ba ko wace kyanwa ce kyanwar Lami ba.

Na huɗu. In an gama, a jiƙa tsumma da ruwa, a matse, a shafe jikinta da shi. Ya kan kwashe gashin da ya saura, da ƙurar hunturu. Gashin da aka tara a ƙone shi ko a binne, kada a bar iska ta kai shi cikin abinci.

Na biyar. A kakkaɓe matajin a kan farar takarda mai ɗan laima. In an ga baƙin gari kamar barkono, ya kuma narke ya zama ja, wannan kashin ƙuma ne, watau jinin kyanwar da ƙuma ta sha.

Mai gajeren gashi, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Mai dogon gashi kuwa kullum ne, ba fashi. Wanda ba zai iya wannan ba, gara kada ya saya, kome kyanta. A fara sabar wa kyanwa tun tana 'yar wata 2, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Da kaka, sa'ad da ƙarangiya ta nuna, a duba hammata da bayan kunne da tsakanin yatsu, nan ta ke maƙalewa gashi ya dunƙule a kanta. Ƙaramin dunƙule a warware shi da yatsa, ana riƙe da gindin gashin don kada a ja fata. Babba wanda ya manne da jiki, kada a sa masa almakashi ko reza. Fatar kyanwa sirirya ce, tana bin gashi in an ɗaga, mutane da yawa sun yanka ta suna tsammani gashi su ke yankewa. A kai wa ma'aikacin dabbobi ya aske da inji.

Kyanwa mai lafiya ba ta bukatar wanka da ruwa, sai in ta faɗa cikin mai ko wani abu mai guba. In haka ta faru a wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi tun ba ta lashe ba, a tsane ta sarai. Kada a yanke gashin bakinta, da shi ta ke auna hanya cikin duhu. Kyanwar da ke farauta kuma ba a yanke mata farce.

6. ABINCI DA RUWA

Kyanwa maciyar nama ce bisa halitta. Akwai wani sinadari a cikin nama da kifi, ana ce da shi taurin, wanda jikinta ba ya iya yin isasshe da kansa. Rashinsa ya kan makantar da ita, kuma cikin 1987 likitocin dabbobi a Amurka suka tabbatar yana lalata mata zuciya. Sabo da haka tuwo da miya kaɗai ba su riƙe kyanwa. Wadda ba ta samun nama gashinta ya kan bushe ya yi ta karyewa, zuba ta ƙaru. A riƙa ba ta ɗan dafaffen nama, ko kayan ciki, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Kada a ba ta abin da aka dafa da albasa ko tafarnuwa da yawa, gama suna lalata mata jini. Madara kuma, ko da ya ke tana so, ta kan sa manyan kyanwoyi da yawa zawo.

Akwai masu cewa in an ciyar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Wannan kuskure ne. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi tana yi. Mai yunwa ce ke barin gida ta tafi bola, ko ta koma satar 'yan tsaki.

A raba mata abinci kaɗan kaɗan sau 3 ko 4 a yini, maimakon tuli guda, gama haka ya fi sa tumbi ya riƙa turawa gaba. Ɗan cokalin shayi na dafaffiyar kabewa, ba gishiri ba yaji, a cakuɗa cikin abinci, ya kan taimaka wa gashi ya wuce. A birane ana sayar da abincin kyanwa na kanti wanda aka ƙara wa harza domin wannan bukata.

Ruwa mai tsabta ya zauna kullum cikin kasko mai faɗi, a inuwa, nesa kaɗan da wurin abinci, a sake shi safe da yamma. Kyanwa ba ta cika jin ƙishirwa da wuri ba, da bazara kuwa rashin ruwa ya kan busar da kashi, gashi ya tsaya. In an ga tana cin ɗanyar ciyawa, a ƙyale ta, muddin ba a fesa wa ciyawar magani ba.

7. MAGANI, DA ABUBUWAN DA AKA HANA

Akwai wani man shafawa mai kauri da a ke yi domin wannan ciwo, tushensa farin basilin ne. A kan shafa kaɗan a kan dantsen kyanwa ta lashe da kanta, ya sa gashi ya sulale. Sai da shawarar likitan dabbobi za a yi amfani da shi, kuma ba a ba kyanwar da a ke zaton hanjinta ya riga ya toshe.

Ga abubuwan da ba a yi ko kaɗan:

Kada a ɗura mata mai a baki, ko man farafin, ko man gyaɗa, ko manja. Yana iya bin hanyar iska ya shiga huhu, ya haddasa ciwon da ba ya jin magani.

Kada a ba ta farasitamol, ko Panadol, ko wani maganin ciwon jiki na mutane. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta.

Kada a shafa mata fiya-fiya, ko Sniper, ko kananzir, ko baƙin mai, ko Dettol, ko maganin kaskar shanu, da nufin kashe ƙuma. A tuna, duk abin da aka shafa wa kyanwa a baya, an ba ta a baki ne. Har maganin ƙuma na kare, mai sinadarin fametirin, guba ne gare ta, ya kan sa ta karkarwa da farfaɗiya.

Kada a sa gubar ɓera inda kyanwa ke farauta. In ta ci abincin gubar, ko ɓeran da ya ci, ita ma tana iya tafiya. A zaɓi ɗaya, ko kyanwa da tarko, ko guba a wurin da aka rufe.

Maganin ƙuma na kyanwa a wurin likitan dabbobi a ke samu. Amma a sani, ƙumar da ke jikinta kaɗan ce bisa ga ƙwai da 'ya'yan da ke cikin shimfiɗa da tsagar daɓe, gama mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 50 a yini. Sai a wanke tsumman da ta ke kwana a kai, a shanya a rana, a share ɗaki. Ƙuma kuma ita ke kawo wata irin tsila. Kyanwa ta haɗiye ƙuma wajen lasa, tsila ta girma a hanjinta, a riƙa ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Kyanwa mai farauta a ba ta maganin tsutsa ko wane wata 3.

8. LAFIYAR MUTANEN GIDA

Haukan kare yana kama kyanwa, ita ma tana iya sa wa mutum ta cizo ko yakushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. In alamunsa sun bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai rigakafi tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurar. A nan ƙasar, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa cikin 1924, tana cikin masu yin allurar rigakafin dabbobi. A yi wa kyanwa allura tana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara.

Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti ran nan. Kyanwar kuwa, in ta gida ce, a tsare ta kwana 10 da abinci da ruwa, ma'aikacin dabbobi yana dubawa. Kyanwar da ba a sani ba, wadda ke dalalar da miyau ko ta faɗa wa mutane ba dalili, kada yara su kusance ta.

Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, gama akwai wata ƙwayar cuta cikinsa da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Wani ya kwashe, kullum, ya binne. Ɓeran da kyanwa ta kashe ta bari, kada a ɗauka da hannu, a sa shebur ko leda, a binne shi da zurfi. Bayan taje kyanwa a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.

9. ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMI DA MALAMINSA

Hakimi ya sa a ajiye kyanwa ɗaya ko biyu a ofishinsa da siton hatsi, ya kuma naɗa mutum guda sananne wanda abincinta da ruwanta da tajewarta ke wuyansa. Abin da aka bar wa kowa, ba mai yi.

Malami ya buɗe shafi a bayan littafin ofis, ya riƙa rubuta ranar allura, da ranar maganin tsutsa, da duk ranar da aka ga amai. Da wannan lissafi likita zai san ko abin na ƙaruwa ne. Ranar hutu da kwanakin Salla, kada a kulle ta a ofis ba ruwa.

Sa'ad da ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma suka zo allurar karnuka, Hakimi ya sa a yi shela a kawo har da kyanwoyi. Ran 28 ga Satumba ta ko wace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ta dace da irin wannan shela.

A taron Dagatai, Hakimi ya ja kunne a kan abu uku: kada a ɗura wa kyanwa mai, kada a shafa mata maganin ƙwari, kada a ɓoye cizo. Ya kuma hana yara jifar kyanwoyi da ɗaure musu gwangwani a wutsiya. Unguwar da aka kori kyanwa, ɓera ne zai gaje ta.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa kyanwa ba ta iya tofar da gashin da ya shiga bakinta?
2. Kawo alamu 4 da ke nuna hanjin kyanwa ya toshe.
3. Yaya za ka bambanta fuka da yunƙurin amayar da gashi?
4. Wani Dagaci ya ce zai shafa wa kyanwarsa fiya-fiya domin ƙuma. Me za ka gaya masa, da wane dalili?
5. Kyanwa ta ciji yaro da hantsi, asibiti kuwa na da nisan mil 10. Faɗi abin da za a yi, bi da bi.

Malami ya karanta wa masu kula da sito wannan darasi, ya yi musu tambayoyin nan da baki, wanda bai gane ba a sake masa bayani. Allah ya tsare mana abincinmu da lafiyarmu, ya ba mu ikon riƙon amanar abin da ke ƙarƙashinmu, amin.